Masu Ɗaga Kai Sama: Sharhi Kan Kewar Faretin Jiragen Sarautar Ingila

Ranar Asabar, 6 ga Mayun 2023, hadari ya yi wa bikin naɗin Sarki Charles III ƙafar ungulu. An tsara jirage sama da 60 za su ratsa saman Fadar Bakingham a jere bayan an fito daga cocin Westminster, amma gajimare ya sauko ƙasa, yayyafi ya ƙi tsayawa, aka janye mafi yawansu. Abin da ya rage shi ne jirage masu saukar ungulu da tawagar nan ta Red Arrows mai fesa hayaƙi ja da fari da shuɗi. Faretin da aka ware wa minti shida bai kai minti uku ba. Mu da muka kalla a fuskar waya daga nesa, kafin mu gyara zama har an gama.

Hayaƙin bai gama bajewa ba aka shiga kukan da. Wai a zamanin uwarsa ba haka ake yi ba, wai a da jirage kan rufe sararin Landan har rana ta dusashe, wai ƙasar da ta ƙera Spitfire ce yau ruwan sama ke kora. Bahaushe ya riga ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Sai dai wannan kewa ta wuce ƙorafin yini guda. Ta daɗe da zama wani nau'in ba da labari mai zaman kansa, da finafinansa, da littattafan hotunansa, da shirye-shiryen talabijin da ake maimaitawa duk sanda wani babban biki ya ƙarato. Tunda kuwa labari ne, ya cancanci a yi masa irin karatun da muke yi wa kowane labari a wannan mujalla: wa ke ba da shi, daga ina ya tsaya, me ya saka, me kuma ya tsame.

Mu fara da ba wa masu kewar haƙƙinsu, domin ba ƙarya suke yi ba. A ranar 15 ga Yulin 1953, mako shida bayan naɗin Sarauniya Elizabeth II, rundunar sojin sama ta Birtaniya ta yi mata fareti na musamman a sansanin Odiham da ke Hampshire. Jirage sama da 300 ne aka jera a ƙasa ta zaga ta duba, sama da 600 kuma suka wuce ta samanta, rukuni bayan rukuni, an fara da masu tafiyar hawainiya aka rufe da masu gudun walƙiya. Kowane rukuni daga wani sansani ya taso, gudunsa daban da na wanda ke gabansa, amma dole ya iso kan Sarauniya a daƙiƙar da aka yanka masa. Babu kwamfuta a cikin jirgi, babu tauraron ɗan'adam mai nuna hanya, sai taswira da agogo da lissafin kai. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake shan wahalar jera ayarin hakimai goma kawai a ƙofar fada ba tare da wani ya shiga gaban wani ba, zai gane girman wannan aiki. A ƙarshen faretin aka nuna samfuran gwaji na manyan jiragen nan uku, Valiant da Victor da Vulcan, waɗanda aka ƙera domin ɗaukar makaman nukiliya.

Sunayen kamfanonin da suka ƙera jiragen wannan rana su kansu kamar kirari suke a bakin mai kewa: Avro, Handley Page, Vickers, Gloster, Hawker, de Havilland, English Electric. Kowane suna gari ne da masana'antarsa da dubban ma'aikatan da ke cin abinci a cikinta. Yau babu ko ɗaya da ke tsaye da ƙafarsa. Wasu sun rushe, sauran an haɗe su an sake haɗewa har suka narke cikin BAE Systems. Dattijon da ya tsaya a titin The Mall yana ƙirga jirage yana girgiza kai, sau da yawa mahaifinsa yake tunawa, da ƙarar jiniyar tashi daga aiki, da unguwar da ta mutu bayan an rufe masana'anta. Wanda ya san abin da rufe masaƙun Kakuri ya yi wa Kaduna ba zai yi wa wannan dattijo dariya ba. Haka nan ranar 4 ga Yunin 2002, lokacin bikin cikar Sarauniya shekara 50 a kan karaga, da Concorde ya ratsa saman fada Red Arrows na take masa baya, kyan abin ya kai a yi kewarsa. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan aka ajiye Concorde gaba ɗaya. Vulcan na ƙarshe ya yi tashinsa na bankwana a Oktoban 2015.

Matsalarmu da wannan labari tana wajen almakashi. Kewa gwanar tace fim ce, kuma hannunta ba ya rawa.

Ɗauki ruwan saman da aka yi ta zargi a 2023. Ranar 2 ga Yunin 1953 ma ai ruwa aka sha a Landan. Abin da ya fi fito da Sarauniya Salote ta Tonga a idon duniya a ranar shi ne ƙin yarda da ta yi a rufe mata keken dokinta, ta ratsa gari a jiƙe tana murmushi. A 2012, a bikin cika shekara 60, ruwa ya yi wa jerin gwanon jiragen ruwa kusan dubu a kogin Thames dukan tsiya, har aka soke faretin saman da aka so a rufe taron da shi. Amma fim ɗin A Queen Is Crowned na 1953, mai launin Technicolor, wanda Christopher Fry ya rubuta kalmominsa Laurence Olivier ya karanta su da muryar nan tasa ta dandamali, ya bar wa na baya wata rana mai ƙyalli wadda ko ruwan cikinta ado ne. Fim ne mai kyau, ba mu musa ba. Kyansa ne ma ya sa ya maye gurbin ranar kanta a ƙwaƙwalwar mutanen da yawancinsu ba a haife su ba a lokacin. Ƙasar da ake nunawa tana walwali da zinariya, a wannan watan har yanzu da katin rabo ake sayen sukari da nama a cikinta. Sai a Satumban 1953 aka saki sukari, nama kuwa sai a 1954.

Almakashin ya kuma bi ta kan matuƙan. Jirgin Gloster Meteor shi ya fi yawa a faretin wancan zamani, kuma shi ne ke cin samari kamar wutar daji: a shekarar 1953 kaɗai sama da guda ɗari rundunar ta yi asara a haɗurra, ba a fagen fama ba. Wata tara kafin naɗin, ranar 6 ga Satumban 1952, jirgin DH.110 ya tarwatse a sama yayin baje kolin jirage na Farnborough, injinsa ya faɗa cikin 'yan kallo. Matuƙin, John Derry, da abokin aikinsa suka mutu, da 'yan kallo 29. Aka kwashe gawawwaki, aka ci gaba da wasa. Masu kewa kan ba da wannan labari, idan sun ba da shi, a matsayin shaidar taurin zuciyar mutanen da. Mu dai da muka karanta shi, arhar rai muka gani. Yawan jiragen da ake alfahari da shi ba ya rabuwa da wannan arha, haka kuma ƙarancin na yau ba ya rabuwa da cewa yanzu ana tsayawa a tambayi abin da zai faru idan ɗaya ya rikito a tsakiyar birni mai mutum miliyan tara.

Amma babban abin da aka tsame shi ne inda jiragen suka nufa bayan sun wuce kan Sarauniya. Cikin waɗanda suka yi fareti a Odiham akwai Avro Lincoln, jirgi mai inji huɗu, magajin Lancaster. Wata huɗu bayan nan, a Nuwamban 1953, jiragen Lincoln sun fara zuba bama-bamai a dazuzzukan Aberdare da na Dutsen Kenya, a yaƙin da Birtaniya ke yi da 'yan Mau Mau. A Malaya ma irin aikin da suke yi ke nan tun kafin lokacin. Siffar jirgin ɗaya ce, rugugin injinsa ɗaya ne, kuma a duk wuraren biyu mutane a ƙasa suke suna ɗaga kai. A Hampshire ana ɗora yara a kafaɗa su gani da kyau. Majigin British Pathé, wanda dubban finafinansa ke kan YouTube yanzu kowa na iya dubawa, ya ɗauki irin waɗannan al'amura duka biyu, da irin kiɗan badujala ɗaya da irin muryar mai sharhi ɗaya, mai fara'a, mai sauri. Wanda ke haɗa faifan tuna baya shi ke zaɓar na farko ya bar na biyu a cikin akwati.

Wani abin ban mamaki shi ne, na da ɗin ba su ɓoye wannan dangantaka kamar yadda jikokinsu ke ɓoyewa ba. A wasannin jirage na Hendon, waɗanda aka fara a 1920, 'yan gidan sarauta na zuwa kallo, akan rufe taro da wasan kwaikwayo: a gina ƙauye ko ganuwa ta ƙarya irin ta mutanen Gabas, a sa sojoji su yi shigar "ƙabilu", sannan jirage su zo su ragargaza wurin jama'a na tafi. A daidai wannan lokaci ana yin na gasken a Iraƙi, an kuma riga an yi shi a Somaliya a farkon 1920 a kan mayaƙan Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan. Faretin sama na yau ɗan wancan wasa ne da aka yi wa wanka, aka cire ƙauyen aka bar jiragen.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A shekarar 1925 Kano ta ga abubuwa biyu. A watan Afrilu Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward VIII, ya zo, aka tara masa sarakunan Arewa da dawakansu aka yi masa hawan daba. Ranar 1 ga Nuwamba kuma jirage uku ƙirar DH.9A na sojin saman Birtaniya, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a filin da Turawa ke wasan dawaki, bayan sun taso daga Helwan ta ƙasar Masar. Su ne jiragen farko da suka sauka a birnin. Muna yawan ba da wannan labari da alfahari, cewa Kano ce mafarin sufurin sama a Nijeriya, kuma gaskiya ne. Ba mu cika ƙarawa da cewa irin wannan jirgi, DH.9A, shi ne jakin aikin ladabtar da ƙauyuka daga sama a Iraƙi ba. Cikin wata bakwai an nuna wa Kanawa darasi mai shafi biyu: ga ƙarfinku na jiya, an mai da shi abin kallon baƙo, ga namu na yau, ku zo ku gani. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya yi dogon bayani kan yadda mulkin mallaka a Arewa ya riƙa amfani da fasaha, jirgin ƙasa da rediyo da majigi, wajen cika ido da cika zuciya da kwarjini. Kakanninmu da suka zauna a ƙasa a ƙofar fada da daddare suna kallon majigi, suna cikin 'yan kallon da aka shirya wa irin waɗannan hotuna tun asali.

Sai kuma Fabrairun 1956, da Sarauniya Elizabeth ta zo Kaduna aka yi mata gagarumin hawan daba, Sardauna Ahmadu Bello na Firimiya. Har gobe hotunan wannan rana na yawo a wayoyinmu, kuma mu faɗi gaskiya, idan muka gan su zuciyarmu kan motsa. Lifidi da sulke, algaita da kakaki, rawuna masu kunne biyu, dawaki sun sha ado har ba a ganin jikinsu. Mu ma muna cewa a da ne ake hawa. Saboda haka ba daga kan wani tudun tsira muke yi wa Turawan Ingila wannan sharhi ba. Ciwonmu ɗaya da su. Hawan sallah namu ne tun fil azal, ana danganta tsarinsa a Kano da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Amma tara sarakuna daban-daban a fili guda su yi gaisuwa ga wani na sama da su, da ita kanta kalmar "durbar" da muka Hausantar ta koma daba, daga Indiya Turawa suka ɗauko su, inda suka yi manyan taruka irin wannan a Delhi a 1877 da 1903 da 1911. Andrew Apter ya bi diddigin wannan a littafinsa The Pan-African Nation, har zuwa hawan da aka yi a Kaduna lokacin FESTAC a 1977. Yawancin rubuce-rubucenmu kan daba, a jarida da ƙagaggun labarai, ba sa son wannan tarihi. Sun fi son aikin maroƙi.

Maroƙi kuwa ba abin rainawa ba ne, kowa ya san aikinsa, ba kuma wanda ke jiran ya ambaci yaƙin da kakan sarki ya sha kashi. Mai sharhin talabijin a ranar fareti maroƙi ne cikakke. Ka saurare shi da kyau: ga Lancaster, ɗaya daga biyu kacal da suka rage suna tashi a duniya, ga Spitfire da Hurricane a gefensa, sai ya ambaci 1940, ya yi shiru ya bar injin Merlin ya yi magana. Zai iya tuna ma'aikatan jiragen bama-bamai sama da 55,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sun cancanci a tuna su. Hamburg da Dresden ba su cika samun gurbi a wannan minti ba. Kyamara ita ma ta san ƙa'idarta: sama, baranda, fuskokin jama'a, a sake komawa sama. A 'yan shekarun nan an ƙara hoto na huɗu, daga cikin jirgin ana leƙen ƙasa, The Mall ta miƙe ɗoɗar cike da mutane kamar tururuwa. Daƙiƙa biyu ko uku ake barin sa. Shi ne hoto mafi gaskiya a shirin duka, domin shi kaɗai ke nuna yadda mai jirgi ke ganin taro. Laifin yana farawa ne idan marubucin tarihi ko mai shirya fim ya ari bakin maroƙi ya ci masa albasa, sannan ya kira abin da ya fito tarihi.

David Cannadine ya yi wata magana a maƙalarsa da ke cikin The Invention of Tradition na 1983, wadda ta dace da nan. A taƙaice, ya nuna cewa bukukuwan sarautar Ingila sun ƙara ƙawa da tsari ne a daidai lokacin da ikon sarautar ke raguwa, kuma da yawan abin da ake ɗauka al'adar shekaru dubu ce, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 aka gyara shi ya zama yadda yake. Faretin sama ya bi wannan sawu ta wata fuska. Da jirage suka yi ƙaranci sai aka koma rubutu da su. A Windsor a 2012 an zana 60 a sama, a 2018 an zana 100 domin cikar rundunar shekara ɗari, ranar 2 ga Yunin 2022 kuma jiragen Typhoon 15 suka zana 70. A 1953 yawa ne saƙon, ba a buƙaci a rubuta komai ba. Mu a ganinmu na yanzun ya fi ladabi, ya kuma fi wayo, ko da masu kewa na ganin sa ƙaramin abu. Sai dai yana da nasa haɗarin: yana sa a manta cewa alƙalamin da aka yi rubutun da shi makami ne.

Nan ne ma daba da faretin sama suka rabu, duk da kamannin da ke tsakaninsu. Jahi, sukuwar nan da mahaya ke yi su taso wa sarki gadan-gadan su ja linzami a gabansa su ɗaga hannu, kwaikwayon hari ne, kowa ya sani. Amma dokin ya daɗe da yin murabus daga yaƙi. Tun ranar da bindiga mai ruwa ta tarbi mahayan Sakkwato a 1903 aikinsa ya koma ado, mashin da ke hannun mahayi kuwa ba zai sake shan jini ba. Kewar da muke yi wa hawa, musamman a 'yan shekarun nan da annoba da rikicin sarauta suka sa aka yi ta dakatar da shi a Kano, alhali UNESCO ta saka shi cikin kayan gadon duniya a Disamban 2024, kewar abin da ya riga ya zama al'ada zalla ce. Tana da nata makantar, amma ba ta sayar wa kowa makami. Typhoon kuwa bai yi murabus ba. Ya yi aiki a Libiya a 2011, ya yi a Iraƙi da Siriya. Mai kewar sama cike da jirage, ko ya sani ko bai sani ba, kasafin kuɗin tsaro yake roƙo.

Mai karatu a Arewa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan wannan. A yankunan da rugugi daga sama ke sa uwa ta sunkuci ɗanta, bayan abin da ya faru a Rann a Janairun 2017 da Tudun Biri a Disamban 2023, ɗaga kai sama ba shi da ma'ana guda ɗaya. Wannan ne abin da marubucin Hausa ke da shi wanda marubucin Hampshire ba shi da shi, kuma muna mamakin yadda ƙagaggun labaranmu, da suka cika da filayen jirgi da tafiya Dubai, ba su cika tsayawa a kan wannan sauti ba.

Hoton da ya fi yawo daga bikin 2022 ba na jirage ba ne. Na Yarima Louis ne, yaro ɗan shekara huɗu, tsaye a baranda kusa da kakar mahaifinsa, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu ya wage baki. Jaridu suka mai da shi abin raha, kuma da ban dariya ɗin. Shi kaɗai ne a barandar ba a riga an koya masa abin da ƙarar ke nufi ba, sai ya ji ta a yadda take.

An biya Sarki Charles bashin faretinsa ranar 17 ga Yunin 2023, a bikin Trooping the Colour. Sama ta washe, jirage kusan 70 suka wuce, Typhoon 18 suka zana haruffan CR a saman fada, jama'a suka yi sowa. Wata bakwai bayan nan, a daren 11 ga Janairun 2024, jiragen Typhoon huɗu suka tashi daga sansanin Akrotiri da ke tsibirin Cyprus suka nufi Yemen.